Rijiyar da Na Haƙa da Kaka

Shekara goma sha ɗaya ke nan cif da muka kai mahaifina, Ɗanladi Mai Rijiya, makwancinsa a Tambuwal. Da bazara ya rasu, ana tsakiyar zafin nan da ke sa kaji yawo baki buɗe, kuma duk wanda ya san shi ya ce lokacin ya dace da shi, domin a irin wannan zafin ne yake fita aiki. Kowace shekara nakan ce zan rubuta wani abu a kansa, kowace shekara kuma sai in fasa. Dalili kuwa, labarin da ya fi nuna ko wane ne shi, ni ne wawan cikinsa. Bana dai furfura ta fara cin gemuna, kunyar ta ragu, sai na ce bari in faɗa kowa ya ji.

Kakanmu daga wajen Zuru ya zo, aikin hanya ya kawo shi, garin ya yi masa daɗi ya zauna. Mu Kirista ne, 'yan kaɗan a garin da kusan kowa Musulmi ne, kuma majami'armu a wancan lokacin ɗaki ɗaya ce mai rufin kwano. Baba ba mai wa'azi ba ne. Karatunsa ma da yatsa yake binsa, layi bayan layi, in ya gaji ya sa tsinke ya rufe. A bencin baya yake zama kusa da ƙofa, wai ƙafafunsa dogaye ne suna takura wa mutane. Murya kuwa Allah bai ba shi ba, amma hakan bai taɓa hana shi waƙa ba. Innarmu Saratu takan ce in ya ɗaga murya a gindin rijiya, kwaɗin wurin ma ƙaura suke yi.

Haƙar rijiya ita ce sana'arsa, daga Tambuwal zuwa Jabo da Sanyinna har cikin ƙauyukan Kebbe. Aikin na mutum biyu ne: ɗaya yana ƙasa yana sara, ɗaya yana sama yana riƙe da igiya, yana jawo ƙasa da bokiti, yana kuma sa ido a kan bango. Na saman nan shi ke riƙe da ran na ƙasa. Shekara ashirin da shida mutum ɗaya ne ya riƙe wa Baba igiya, wato Malam Sahabi, maƙwabcinmu, Musulmi mai yawan tasbihi da yawan tsokana. Ba sa aiki ranar Juma'a, ba sa yi ranar Lahadi, har mutane na yi musu ba'a wai su ne masu aikin da suka fi kowa hutu a ƙasar Sakkwato. In lokacin salla ya yi, Malam Sahabi sai ya leƙa ya ce, "Ɗanladi, hito ka sha iska, ni zan gai da Ubangijina." Baba ya ce, "Ka yi a natse, ni tun ɗazu nika gaishe Shi nan ƙasa." Abin dariyar shi ne, a duk shekarun nan Malam Sahabi bai taɓa shiga rijiya ba ko sau ɗaya. Tsoron zurfi yake, kuma Baba bai bar shi ya huta da zancen ba.

Baba yana da ƙa'ida biyu a aikinsa waɗanda ko hakimi bai isa ya sa ya karya su ba. Ta farko, ba ya fara rijiya da kaka, lokacin da damina ta ɗauke ƙasa tana jiƙe. Sai rani ya yi nisa, tafkuna sun ƙafe, ƙasa ta tsage, sannan yake ɗaukar diga. Ta biyu, ba ya tsayawa a ruwan da ya fara tarar da shi. Wannan ruwan yana kiransa baƙo, wai ya zo ne da damina kuma zai bi ta ya tafi. Sai ya kwashe shi, ya ci gaba da sara har ya fasa marmara, wato jan dutsen nan mai tauri, ya kai ga ruwan da yake kira ɗan gida. Masu rijiya kan yi ƙorafi, su ce ga ruwa a fili mutumin nan yana ɓata musu lokaci. Shi dai sai ya yi dariya ya ce su jira watan Maris.

Ni kuwa a wancan zamanin ina da shekara ashirin da bakwai, kuma in ana neman mai zafin addini a ikilisiyarmu, ni ne. Ni ke buga ganga, ni ke jan waƙa, ni ke addu'a mai tsawo har tsofaffi su fara gyara zama. Na koyi aikin rijiya wurin Baba, amma a zuciyata ina ganin a wajen bangaskiya na bar shi a baya nesa. Mutumin da ke zaune a bencin baya yana bin layi da yatsa, me ya sani? Allah Ya gafarta mini, haka nake tunani.

A wani ƙauye cikin ƙasar Kebbe abin ya faru. Ƙauye ne da matansa ke tafiya mai nisa kan jakuna kafin su sami ruwa in rani ya yi. Baba ya kai gaba tara, gaba kuwa ita ce tsawon hannu biyu a buɗe, da ita ake auna zurfin rijiya. Nan ya tarar da wani rairayi maras riƙo, kafin ya ankara bango ya zabtaro masa. Ƙasa ta rufe shi har ƙirji, wani dutse ya same shi a baya. Ranar ba na wurin. Mutanen ƙauyen ne suka ba ni labari, cewa kafin kowa ya gama salati, Malam Sahabi ya ɗaura igiya a ƙugu ya miƙa musu bakinta, ya ce su riƙe. Mutumin da ko leƙa rijiya mai zurfi ba ya so, shi ya sauka, ya tone abokinsa da hannu har farcensa suka ɓare. Da aka fito da su, Baba yana numfashi da ƙyar, amma abin da ya fara faɗa shi ne, "Sahabi, yau dai ka shiga."

An yi asibiti, an yi na gida, an je Sakkwato an dawo. Ƙarshe likita ya gaya mana gaskiya, cewa ƙashin bayan ya taɓu, Baba ba zai sake taka ƙasa ba. Ni ban yarda ba. Na yi azumi, na yi addu'a har muryata ta dushe, sannan wata Lahadi na miƙe gaban ikilisiya na ce kowa ya shaida, kafin Ista mahaifina zai shigo majami'ar nan da ƙafafunsa. Aka yi ta tafi ana amin. Ista ta zo, Baba ya shigo majami'a, amma a cikin baro, Malam Sahabi ya turo shi har bakin ƙofa ya koma. Ranar na ajiye sandunan ganga a kan benci na fita, ban sake komawa ba. Na ji haushin Allah, haushi na gaske. Na ce mutumin da ya shayar da ƙauyuka ruwa, bai taɓa cutar kowa ba, in wannan ne sakamakonsa, to ni a bar ni.

Abin da ya ƙara tunzura ni shi ne Baba kansa. Na so in gan shi yana baƙin ciki don mu yi tare, sai ga shi yana neman abin yi. Ya sa aka shimfiɗa masa tabarma a zaure, ya sa Inna ta riƙa sayo masa rama, ya koma tufkar igiya. Cikin 'yan watanni babu mai guga a unguwarmu da ba ya amfani da igiyar Ɗanladi. Zauren ya zama wurin hira, ana dariya tun hantsi har la'asar. Kowace Lahadi a ɗora shi a baro, yana tafe yana gai da mutane kamar wanda ke kan doki, yana ce wa mai turin ya bi a hankali kada a ce sun yi gudun wuce sa'a. Bai taɓa tambayata dalilin da na daina zuwa sujada ba. In za su fita sai dai ya ce, "Markus, mun tafi." In sun dawo ya ce, "Mun dawo." Inna ce kullum ke kuka tana yi mini faɗa, shi kuwa ya ce ta ƙyale ni.

Wannan shi ne abin da ya tsaya tsakanina da shi har shekara ɗaya da rabi: ko zan koma ga Ubangiji, ko na tafi ke nan. Kowa a gidan ya san haka, babu dai mai furtawa.

Da daminar shekara ta biyu ta ɗauke, sai mai garin ƙauyen nan na Kebbe ya aiko. An cike ramin da ya rufta, har yau ba su da rijiya, kuma babu mahaƙin da ya yarda ya je. Ya ce ko ɗan Ɗanladi zai taimaka? Na amsa tun ɗan aiken bai rufe baki ba. Ina so in nuna cewa abin da addu'a ta kasa, ƙarfin damtse zai yi. Watan Oktoba ne, gero yana tsaye a gona, ƙasa da danshinta. Malam Sahabi ya dube ni ya ce, "Ɗana, da kaka? Mi kaka gaggawa?" Na ce zamani ya canza, yanzu akwai zoben siminti da ake jerawa a bango, ba sai an jira rani ba. Ya girgiza kai, amma da safe sai ga shi da igiya a kafaɗa. Ya ce ba zai bari wani ya riƙe wa ɗan Ɗanladi igiya yana raye ba.

Ƙasa mai laushi, aiki ya yi ta gudu. A gaba shida ruwa ya ɓullo, garau da shi, yana tasowa har gwiwata. Wayyo daɗi! Mata suka yi ta guɗa, mai gari ya yanka akuya, aka ce ɗan ya fi uban, abin da uba ya nema a gaba tara ɗa ya samu a shida. Wannan maganar ta shige ni fiye da naman akuyar. Malam Sahabi ya ja ni gefe ya ce mu kwashe mu ƙara ko gaba biyu ne. Na ce wa za a kwashe wa? Ga ruwa mutane na sha. Muka jera zobe, muka gyara baki, na ciko jarka na ɗauro a babur na kawo wa Baba.

Na dire jarkar a gabansa cikin zaure, a gaban abokan hirarsa, ina jiran yabo. Ya zuba a moɗa, ya sha, ya lumshe ido. Ya ce, "Ruwa mai daɗi. Gaba nawa?" Na ce shida. Ya ce, "Ka fasa marmara?" Na ce ban ma gan ta ba. Sai ya yi murmushi ya ɗauki igiyarsa ya ci gaba da tufka, ya ce, "Allah Shi kai mu Maris." Na fita raina a ɓace, ina cewa tsoho dai ba ya son a ce an fi shi.

Ba a ma kai Maris ba. Tun cikin Fabrairu guga ta fara fitowa rabi, daga nan ta koma fitowa da laka, daga nan sai ƙarar faɗuwarta a busasshiyar ƙasa. Matan da suka yi mini guɗa suka koma kan jakunansu. Har waƙa aka yi mini a ƙauyen, wadda ba zan maimaita ta a jarida ba. Na yi kwana uku ban fita ƙofar gida ba, kuma na tabbata yanzu Baba zai buɗe baki ya faɗi duk abin da ya tara.

Rana ta huɗu da safe ya kira ni zaure. Na tarar Malam Sahabi a tsaye da babur ɗin aro, Inna kuma riƙe da zaninta mafi ƙarfi tana faɗa. Baba ya ce, "Ɗauko diga. Yanzu na lokacin gina ya yi." Na ce ina za mu? Ya ce Kebbe mana, kuma da shi za a je. Inna ta ce, "Maigida, kana da hankali kuwa? Hanyag ga ko mai ƙafa wuya shika sha!" Ya ce, "To ai ni ban da ƙafar da za ta sha wuya." Haka aka ɗora shi bayan Malam Sahabi, aka goya shi da zanin Inna kamar jariri, aka ɗaure ƙafafunsa kada su ja ƙasa. Ni ina biye a wani babur da kayan aiki. Duk wanda ya san hanyar Kebbe ya san ramukanta. Kowane rami suka faɗa sai in ji Baba ya ce wash, sannan ya kama waƙa, Malam Sahabi yana cewa, "In ba ka yi shiru ba, wallahi nan zan kwance ka in aje!" Mutane a bakin hanya suna ta kallon dattawa biyu, ɗaya goye da ɗaya, suna faɗa suna dariya.

Da muka isa, ƙauyen ya fito kaf. Ba don ni ba, don Ɗanladi. Tsofaffi suna ta kama hannunsa, wasu na hawaye. Aka kafa masa rumfar zana a bakin rijiyar, aka kwantar da shi rubda ciki a tabarma yadda kansa zai leƙa ciki. Malam Sahabi ya kama igiya, sabuwa fil wadda Baba ya tufka da hannunsa. Ni kuma na sauka.

Ban taɓa shan wuyar aiki irin ta kwanakin nan ba. Gaba ta bakwai ta wuce, ta takwas ta wuce. A ta tara muka tarar da rairayin nan da ya kayar da Baba, shi kuwa daga sama yana gaya mini inda zan sara da inda zan bari, muna sauke zobe ɗaya bayan ɗaya har muka wuce shi lafiya. Sai marmara. In na kai sara, diga ta dawo mini har kafaɗa, wuta na tashi, abin da ke ɓarewa bai fi cikin tafin hannu ba. Zafi kamar a tukunya, iska babu, ƙura ta cika mini hanci. Kwana biyar ina kan dutsen nan, ko alamar danshi babu.

A rana ta shida da azahar, Malam Sahabi ya tafi salla, na jefar da diga na zauna a ƙasa. Akwai wani abu game da gindin rijiya: ba ka ganin fuskar na sama, sai inuwar kansa a cikin ɗan da'irar haske, saboda haka abin da ba ka iya faɗa ido da ido sai ya fito. Na ɗaga kai na ce, "Baba, don Allah ka gaya min gaskiya. Kai ba ka jin haushin Allah?"

Sai muryarsa ta sauko, rijiyar tana ƙara mata kauri. Ya ce, "Na ji, Markus. Wata huɗu ina jin haushi nai. Kuna ganin ina dariya, amma in na buɗe baki in yi addu'a, kamar wanga dutse da kaka sara, ba komi sai ƙura."

Na ce, "To don me ba ka bari ba?"

Ya ce, "In bari in tafi ina? Ni maginin rijiya na. Ban taɓa ganin wanda yab bar gina don ya iske dutse ba, sai wanda bai san aiki ba. Kullum da safe sai in ce, Yesu, ga ni, ban da abin ce maKa, amma ga ni. Hakanan har wata huɗu."

Na ce, "Sai me ya faru?"

Ya ce, "Ba wani abin mamaki. Wata rana innarka tana juya ni tana wanke min baya, tana waƙa ƙasa-ƙasa, sai na ji Shina nan. Bai ba ni ƙafa ba. Amma na san Shina nan, kuma tun ina cikin ƙasa Shina nan. Tun ran nan ruwan zuciyata bai ƙafe ba." Sannan ya ƙara da cewa, "Abin da kaka da shi da, ba ƙarya na ba. Ruwa na, mai daɗi. Baƙo na dai. Ban hana ka fushi ba, ɗana, yi fushinka. Amma ka yi shi da diga ga hannu."

Na zauna a gindin rijiyar nan na yi kuka irin wanda ban yi ba tun ranar da aka kawo shi daga Kebbe. Ba wanda ya gan ni. Da Malam Sahabi ya dawo ya leƙo ya ce me ya sa ba ya jin sara, Baba ya ce, "Ƙyale shi, ya fara kai ga danshi." Na tashi na ɗauki diga.

Kwana uku bayan haka, ranar wata Alhamis da hantsi, na kai sara sai na ji ƙarar ta canza. Dutsen ya tsage, ƙasar da ke ƙarƙashinsa baƙa ce, mai sanyi. Na sa tafin hannu na ji tana jiƙa. Kafin in miƙe, ruwa ya fara tsattsafowa ta tsagar, a hankali, ba irin na farko mai rawar kai ba. Na yi ihu, Malam Sahabi ya yi kabbara, mata suka ɓarke da guɗa, Baba kuwa ya saki muryar nan tasa gaba ɗaya, har wata tsohuwa ta tambaya ko ciwon ne ya tashi. Aka jawo bokitin farko, jajir da laka. Baba ya ce a ba shi haka nan. Ya kurɓa, laka a gemunsa, ya ce, "Wanga ɗan gida na." Sannan ya leƙo ya ce mini, "Kwashe ka ƙara gaba guda." Na ƙara, ban yi musu ba.

Ba zan ce washegari na zama waliyyi ba. Sai da aka yi mako uku da dawowarmu, wata Lahadi Baba ya ce, "Markus, mun tafi," sai na ji bakina ya ce, "Bari in tura ka." Na tura baron har cikin majami'a, na zauna kusa da shi a bencin baya. Ganga kuwa sai bayan shekara biyu na sake taɓa ta, kuma addu'ata ta gajarce ƙwarai, abin da tsofaffin ikilisiya suka ɗauka a matsayin amsar tasu addu'ar. Baba ya ƙara shekara bakwai a kan tabarmar nan. Ya sha ciwo, gyambon kwanciya ya dame shi, Inna ta riga shi tafiya da shekara biyu. Na ga hawayensa sau da yawa, amma ban sake jin tsoron cewa zai ƙafe ba.

Yau in na zaga garuruwan da ya yi aiki, nakan tambayi kaina me zai ce. Sana'arsa ta kusa mutuwa. Mota ce ke zuwa da injin haƙa, ta huda ƙasa cikin yini biyu, a kafa tanki da faifan hasken rana, ruwa ya zubo ta famfo. Na san da zai yi murna, don ya san wahalar matan da ke bin jakuna, kuma da sai ya sa an tura shi a baro ya je ya ga injin da idonsa, ya tambayi direban ko ya fasa marmara. Abin da nake jin zai ba shi dariya shi ne wa'azin da muke saurare a waya yanzu, wanda ake yi wa mutum alkawarin cewa in ya ce amin da ƙarfi, matsalarsa ta ƙare kafin Lahadi. Ba zai zagi kowa ba, ba halinsa ba ne. Zai dai saurara har ƙarshe, ya ce magana mai daɗi, sannan ya tambaya gaba nawa. Da kuma ya ga yadda zaman ɗar-ɗar ya sa mutane ba sa bin wasu hanyoyin ƙauye yadda suka saba, da yadda wasu ke son maƙwabci ya riƙa yi wa maƙwabcinsa kallon baƙo, na tabbata sai ya nuna Malam Sahabi ya ce ga wanda ya shiga rami dominsa.

Ni ma nawa ranin ya zo. Bara matata Hannatu ta kwanta, wata bakwai muna tsakanin gida da asibiti, har yanzu ba ta gama komawa daidai ba. Akwai safiyoyin da na buɗe baki ban sami abin faɗa ba sai ƙura. A irin waɗannan ranakun ban miƙe gaban kowa na yanka wa Allah wa'adi ba. Na dai ce, ga ni, ba ni da abin cewa, amma ga ni. Wannan ne gadon da Baba ya bar mini, ya fi digar da ke jingine a ɗakina, kuma na same shi ne saboda ya yarda ya gaya mini gaskiya ranar da na tambaye shi, bai yi mini wa'azi ba.

Malam Sahabi yana nan da ransa, ya tsufa tukuf, idonsa ɗaya ya tafi, tsokanar dai ba ta tafi ba. Tun shekarar da Baba ya rasu ya ɗora wa kansa wata al'ada. Kowace bazara, in zafi ya kai maƙura, sai ya aika a ɗebo masa ruwan rijiyar nan ta Kebbe a jarka, ya kawo mini da kansa. A makon jiya ya zo, yana dogara sanda, jarkar a bayan mai babur. Ya ce famfon ƙauyen ya lalace tun watan jiya, duk garin sun koma kan rijiyar, har makiyaya na shayar da shanu, ba ta ko nuna gajiya ba. Muka zauna a zauren da Baba ke tufka, na zuba a moɗa na sha, na kai wa Hannatu ta sha. Da na dawo sai ya kafe ni da idon nan nasa guda, ya daɗe yana kallona, don ya san irin shekarar da muka yi.

Ya ce, "Waccan dai ba ta ƙafe ba. Kai fa, ɗan Ɗanladi, da sauran ruwa?"

Na ce, "Da saura, Baba Sahabi. Ba shi da yawa bana, amma ɗan gida ne."

Ya yi dariya har sandarsa ta faɗi, ya ce, "To, ƙara gaba guda."